Hukuncin Kallon Gasar Waƙa ta Gidan Talabijin na Ƙasa da Jefa Ƙuri'a a Cikinta

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, gidan talabijin na gwamnati a ƙasar da nake zaune yana shirya gasar waƙa duk shekara, ana nuna ta kai tsaye, masu kallo kuma suna zaɓen gwaninsu ta waya. Da harajinmu ake tafiyar da gidan. Shin ina da laifi a kan wannan haraji? Kuma ya halatta in kalli gasar tare da iyalina, in kuma jefa ƙuri'a?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ya ɗan'uwa, irin wannan gasa ta daɗe a duniya. A Italiya an fara gasar Sanremo a 1951, kuma gidan talabijin na gwamnati, RAI, ne ke watsa ta, a Suwidin ana gudanar da gasar Melodifestivalen tun 1959, gidan talabijin na ƙasa, SVT, ne ke shirya ta, wanda ya yi nasara kuma shi ke wakiltar ƙasar a gasar Eurovision da aka soma a 1956. Kasancewar hukuma ce ta shirya abu ba ya sauya hukuncinsa a shari'a, domin abin dubawa shi ne me ake rerawa, da me ake kaɗawa, kuma a cikin wane hali.

Batun haraji mai sauƙi ne. Kuɗin da doka ta tilasta maka biya, ba ka da ta cewa kan inda za a kashe shi, kuma yana tafiya ga labarai da shirye-shiryen ilimi kamar yadda yake tafiya ga nishaɗi, babu laifi a kanka game da shi.

Inda maganar ke da tsawo shi ne waƙar kanta. Waƙa da baka, idan babu batsa ko kira zuwa ga saɓo, magana ce kamar sauran maganganu, mai kyanta mai kyau ce, mummunarta mummuna ce. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wasu 'yan mata biyu sun yi waƙar ranar Bu'asu, wato yaƙin da aka yi tsakanin ƙabilun Madina kafin hijira, a ɗakin Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ranar idi, da Abubakar ya tsawata musu sai Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ya ƙyale su. Amma kayan kiɗa, in ban da mandiri a biki da idi, mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan haramcinsu. Hujjarsu ita ce hadisin Abu Malik al-Ash'ari da ke cikin Bukhari, wanda ya ambaci wasu mutane daga wannan al'umma da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa, sai kuma fassarar Abdullahi ɗan Mas'ud ga aya ta 6 a Suratu Luƙman, inda ya ce waƙa ake nufi. A kan haka Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan hijira, ya tafi a cikin Risala. Ibn Hazm, wanda ya rasu a 456, ya saɓa musu, yana ganin isnadin hadisin ya yanke, ko da yake malaman hadisi irin su Ibn Salah sun mayar masa da martani mai ƙarfi. Imam Ghazali shi ma ya sassauta, da sharuɗɗa.

Sai dai mai neman mafaka a wannan saɓani ya sani cewa waɗanda suka sassauta ba su buɗe ƙofa a sake ba. Sun sharɗanta tsabtar kalmomi, da rashin tsiraici, da rashin tayar da sha'awa, da kada abin ya shagaltar daga wajibi. Gasar talabijin kuwa ido ake yi wa ita kafin kunne, kuma galibin abin da ake gani a dandamalinta shi ne rawa a cakuɗe da tufafin da ba su suturta al'aura ba. Abin mamaki ne mutum ya riƙe sunan Ghazali ya jefar da sharuɗɗansa. Saboda haka abin da nake gani shi ne, zama da niyyar kallon gasar a wannan siffa bai halatta ba ko a wurin masu sassauci, kuma nauyin ya fi a kan maigida, tunda shi za a tambaya game da waɗanda yake kiwo. Wanda sauti ya faɗa kunnensa a mota ko a wurin aiki ba da nufinsa ba, malamai sun bambanta ji da saurare, babu komai a kansa. Idan kuma aka sami gasar da ta tsira daga waɗannan abubuwa, to ta koma cikin saɓanin da aka ambata, kuma ba a tsananta wa wanda ya bi ɗaya ɓangaren da ilimi.

Ƙuri'a tana bin hukuncin abin da aka zaɓa, domin mai jefa ta yana ƙarfafa shi ne, Allah kuma ya hana taimakekeniya a kan zunubi a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida. Akwai kuma wata matsala daban ta kuɗi. Idan ana cire kuɗi fiye da kima a kan kira ko saƙo, sannan a sa masu aikawa cikin ƙuri'ar cin kyauta daga abin da aka tara, wannan caca ce, ko da gasar ta karatu ce, tunda kowa ya zuba kuɗinsa ne tsakanin samu da rashi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta hana irin wannan a zamanta na Doha a 2003. Idan zaɓen kyauta ne, ko an ce wani kaso na kuɗin zai tafi ga agaji kuma babu kyautar da masu aikawa ke ci, maganar caca ta faɗi, amma hukuncin taimakawa yana nan, kuma mai son yin sadaka yana iya miƙa ta kai tsaye ba sai ta hanyar gasar ba.

Wallahu a'alam.