Ga baiwar Allah da ta ce zuciyarta ta bushe

Assalamu alaikum. Tun daren jiya na ga tambayar 'yar uwarmu da aka ɓoye sunanta, wadda ta fito daga auren duka, Allah ya musanya mata da miji na kirki, amma ta ce ba ta jin komai a kansa, ko yaro ya ƙwala mata kira sai jikinta ya hau rawa, ga shi ta koma jibgar 'ya'yanta kan abin da bai taka kara ya karya ba. Tana tambaya ko shafar aljanu ce ko butulci. Ƙanwata, wallahi barci ya gagare ni, don labarina kika rubuta.

Shekara shida na yi a gidan mijina na fari. Ba zan manta wani dare ba, ina da ciki wata bakwai, ya dawo ya tarar da tuwo ya huce. Da wayar wuta ya yi min. Abin da har yau yake ba ni tsoro, ban yi kuka ba, ban ma ji zafin ba. Ji na yi kamar ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon wata mata ana dukanta. Da ya gaji ya shige ɗaki, na miƙe na ƙarasa wanke-wanke. Kwano bakwai ne, na ƙirga su, na kife a kwando, na share tsakar gida da tsakar dare. Da safe maƙwabciyata ta ga idona, na ce santsin banɗaki ne ya kwashe ni. Na yi ta maimaita maganar har na kusa yarda da ita.

Sau ɗaya na yi yaji. Gwaggona, yayar babanmu, ita ta tarbe ni. Ta kalli fuskata a kumbure ta ce, "Ai ke ma bakinki ba ya mutuwa." Ko ruwa ba ta bari na sha a natse ba. Ta ce a gidanmu ba a zawarci, ita ma haka ta zauna, aljannata tana ƙarƙashin ƙafarsa. Da hannunta ta ƙulle min kayana a zani, ta tsayar da adaidaita sahu kafin la'asar, ta biya kuɗin. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, amma maganar nan ta gwaggo tana nan a maƙogwarona. Shi dai na san mugu ne. Ita fa? Ita ta goye ni ina jaririya. Daga ranar na rufe bakina, ko uwata ta tambaye ni sai in ce lafiya lau, kuma da murmushi.

Da na sake aure na ɗauka shi ke nan, an wuce wurin. Ashe da sauran rina a kaba. Bawan Allah nan bai taɓa ce min ko "ke" da faɗa ba, amma ƙarar mukullinsa a bakin ƙofa kaɗai sai cikina ya murɗa. In ya yi shiru sai in ce fushi yake da ni, alhali ni ce nake cike da fushi. In ya kawo min tsaraba sai in tsaya ina jiran abin da zai biyo baya. Ranar da na san ba lafiya ba, 'yata ce ta zubar da koko a tabarma. Na ɗaga hannu, sai ta duƙa ta kare kanta da hannu biyu, sak yadda nake yi a gaban ubanta. Shekararta biyar. Haushin kaza na huce a kan dami, damin kuwa 'yar cikina.

Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ce ta ja ni wurin likitar ƙwaƙwalwa, ina turjewa, ina cewa ni ba mahaukaciya ba ce. Likitar ta ce abin da nake yi yana da suna, dabarun kare kai ne da zuciya take yi ba da sanin mai ita ba. Wani likita ɗan Ostiriya, Sigmund Freud, ya fara maganarsu, 'yarsa Anna ta tsara su a rubuce a 1936. Musun da na yi da zancen santsi yana ciki. Ficewar da na yi daga jikina daren wayar wuta yana ciki. Sauke fushi a kan wanda bai fi ƙarfinki ba, da ɗora wa wani abin da ke ranki, duk suna ciki. Ta ce a wancan gidan su suka riƙe min hankalina har na fito da rai, don haka kar in tsane su. Matsalar dai, jiki bai samu labarin an canza gida ba. Katangar da ta tare zafi ita take tare daɗi, shi ya sa kika ji zuciyarki ta bushe. Ciwon nan na firgici bayan tashin hankali tun 1980 likitocin Amurka suka sa shi a jerin cututtuka, bayan abin da suka gani a sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Mu a ɗakin aure muka yi namu yaƙin.

Masu yin sharhi a ƙarƙashin tambayarki suna cewa rashin godiya ne, ko ƙarancin imani, ku ji tsoron Allah. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, wa ya isa ya ce ba shi da imani? Irin bakinku ne ya mayar da ni gidan can.

Ki faɗa wa mijinki. Ba sai kin zazzage masa komai a zama ɗaya ba, ni ma ban iya ba, wani abin sai bayan shekara biyu ya fito. Abu biyu kawai na roƙe shi da farko: ya yi sallama tun daga zaure, kar kuma ya taɓa ni ta baya ban gan shi ba. Ya riƙe su, Allah ya saka masa. In kika ji abin yana tasowa, zuciya na dukan uku-uku, hannu na ƙaiƙayi, ki bar wurin yaran. Ki ɗaura alwala da ruwan sanyi, ki ja numfashi a hankali, ki ambaci abu biyar da idonki yake gani a ɗakin, don jikinki ya gane yau ce, ba wancan daren ba.

Azkar da ruƙiya kar ki bari, ni ma ina yi wa kaina. Amma duk malamin da ya ɗauko bulala wai aljani zai kora, ki ɗauki mayafinki ki fita, dukan da kika sha ya isa. Kar kuma ki saba da sayen maganin barci a kemis, na yi wata huɗu a kansa, da ƙyar na rabu da shi. Ban san garinku ba, amma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Ki ce kina son wanda za ku zauna ku yi magana, ba magani kaɗai ba. Makonnin farko za ki yi kuka kamar ranki zai fita, ni har na ce ƙara min ciwo ake yi. Kar ki fasa zuwa.

Yaran kuma ki ba su haƙuri da bakinki. Na zaunar da tawa a cinyata na ce mata ba laifinta ba ne, Umma ce ba ta da lafiya, tana neman magani. Yanzu tana aji biyu a sakandare, har yau in na miƙa hannu zan gyara mata hijabi sai na lura ko za ta kauce. Ta daina tun bara.

Gwaggo ta rasu shekara uku da suka wuce, na je gaisuwa, na yi mata addu'a, amma hawaye bai zo ba, kuma na daina tuhumar kaina a kan haka. In kina son mu yi magana ta sirri, ki gaya wa admin ta haɗa mu, ko ƙarfe biyun dare ne zan ɗauka.