Ƙanena mai tahowa Budapest, ga inda za ka sauka kafin a ba ka ɗaki

Assalamu alaikum ƙanena.

Saƙonka ya same ni lafiya, kuma na yi farin ciki ƙwarai da jin ka samu gurbin karatu a jami'ar fasaha da tattalin arziƙi ta Budapest, wato BME, a ƙarƙashin tallafin karatu na gwamnatin Hangari mai suna Stipendium Hungaricum. Allah Ya sanya albarka, Ya sa a fara a sa'a a gama lafiya. Ka ce jirginka zai sauka a ƙarshen watan Agusta, makullin ɗakin kwanan ɗalibai kuma ba zai zo hannunka ba sai bayan kwana biyar. Kana neman otal mai sauƙin kuɗi a tsakiyar gari, domin Kawu ya ja maka kunne kada ka yarda a kai ka bayan gari.

Kawu ya yi gaskiya, baƙon da bai san hanya ba bai kamata ya kwana a lungu ba. Sai dai "tsakiyar gari" a nan ba kamar a gida ba ce, inda mutum zai ce kusa da fada ko kusa da babbar kasuwa shi ke nan. A Budapest abin da ke sa wuri ya zama tsakiya shi ne layin jirgin da ya ratsa ta ƙofarsa. Otal ɗin da ke taku ɗari biyu daga tashar metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya fi maka wanda ke kallon kogi amma sai ka ja akwati minti ashirin a kan duwatsun titi. Wannan ka riƙe shi tun yanzu, sauran bayanin duk a kansa yake tafiya.

Kogin Danube, wanda su ke kira Duna, ya raba garin biyu: Buda mai tuddai a yamma, Pest shimfiɗaɗɗiya a gabas. An haɗe su gari guda a 1873. Garin yana da gundumomi 23, kuma akwai wata dabara da ba wanda ya gaya mini sai da na yi watanni: lambar gidan waya da ke jikin kowane adireshi tana faɗa maka gundumar. Lamba huɗu ce, biyun tsakiya su ne gundumar. Ka ga 1092, gunduma ta 9 ke nan. Ka ga 1111, ta 11 ce, inda makarantarku take. Ka ga 1075, ta 7 ce. Don haka in otal ya rubuta "tsakiyar Budapest" da manyan baƙaƙe amma adireshinsa ya nuna gunduma ta 15 ko ta 17, ka san kirarin kasuwa ne kawai.

Gunduma ta 5 ita ce zuciyar Pest, can majalisar dokoki take da titin Váci da manyan otal-otal. Wuri ne mai kyau, amma kuɗinsa na masu yawon buɗe ido ne, ba na ɗalibi ba. Ka wuce ta.

Wadda nake so ka yi hattara da ita ita ce cikin gunduma ta 7, wajen titunan Kazinczy da Király da Dob. A shafukan kama ɗaki nan ne za ka ga farashi ya faɗo ƙasa, hotuna tas-tas, taswira kuma ta nuna maka kana tsakiyar komai. Araha ba ta ado. Unguwar mashaya ce, 'yan yawon shaƙatawa daga ko'ina a Turai nan suke kwana suna sha suna ihu har kusan asuba. Kai da ka kwaso gajiyar jirgi biyu, kana son ka yi barci ka tashi sallar Asuba, washegari kuma ka je ofis da takardu da hankalinka a jikinka, ba wurinka ba ne. In har ya zama dole sai can, ka nemi ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gida, ba titi ba.

Ni inda zan sa ka shi ne kewayen dandalin Kálvin tér, wato inda gundumomi na 5 da 8 da 9 suka haɗu. Dalilina uku ne kuma duk na sufuri ne. Motar bas mai lamba 100E da ke tasowa daga filin jirgi na Liszt Ferenc tana tsayawa a nan kafin ta ƙarasa Deák Ferenc tér, saboda haka daga ƙofar filin jirgi har unguwar masaukinka mota ɗaya ce, babu sauka babu hawa. Layin metro na 3 da na 4 sun haɗu a nan. Kuma in ka hau na 4, mai launin kore, tasha biyu ce ka isa Szent Gellért tér, bakin makarantarku. In ka ga dama ma ka taka: ka bi ta gefen babbar kasuwar nan mai rufi da ke Fővám tér, ka haye gadar Szabadság, ga ka a Buda. Titin Ráday da bayan gidan tarihi na ƙasa, sashen gunduma ta 8 da ake kira Palotanegyed, duk akwai ƙananan otal da gidajen baƙi a cikinsu, kuma da dare shiru suke.

In ba ka samu a nan ba, ka bi layin taram na 4 da 6, wato jirgin nan mai launin ɗorawa da ke tafiya a kan titi. Yana zagaye Pest a kan babban titi mai kamar zobe da suke kira Nagykörút, ya haye gadar Petőfi ya sauke ka a ɗaya gefen harabar BME. Lamba 6 ba ya kwana, dare da rana yana aiki. Duk masaukin da ke kusa da tashar Corvin-negyed ko Rákóczi tér yana kan wannan layin. Za ka ji wasu suna tsoratar da kai da gunduma ta 8. Tana da faɗi, ɓangaren da ke cikin zoben titin lafiya lau yake, can ciki bayan zoben ne wasu layukan suka tsufa, kuma baƙo mai kaya da dare ba zai ji daɗinsu ba. Haka ma gefen tashar jirgin ƙasa ta Keleti, akwai araha, amma na fi son ka san gari tukuna. Kada kuma ka raina gefen Buda: kewayen Móricz Zsigmond körtér da titin Bartók Béla unguwar ɗalibai ce, kuma masallacin Budapest da ke titin Fehérvári yana nan kusa da tashar Újbuda-központ. Juma'arka ta farko ba sai ka yi ta tambaya ba.

Yanzu bari in ba ka labarin daren da na sauka, don shi ya sa nake nanata wasu abubuwan. Na kama ɗaki mai arha ta intanet, ban kula cewa ba otal ba ne, gidan wani ne da ake hayarsa na kwanaki. Na isa ƙofar wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare da akwati biyu da jakar goyo. Ƙatuwar ƙofar katako a rufe, babu mai karɓar baƙi, babu ko fitilar da ke nuna akwai masauki a ciki, sai jerin maɓallan lambobi a jikin bango. Ashe lambar buɗe ƙofa da ta ɗan akwatin da aka ajiye makulli an turo mini su ta imel ina cikin jirgi, layin wayata na gida kuma ya mutu tun da muka tashi. Na tsaya a wurin kusan awa guda, sai da na ja kayan zuwa wani shagon shawarma na roƙi mai shagon ya jona ni da intanet ɗinsa. Da na shiga kuma na tarar ɗakin a hawa na huɗu yake, babu lif, ga matakala mai faɗi tana juyawa. Su a nan ba a ƙirga ƙasa a matsayin hawa na ɗaya, wasu tsofaffin gidajen ma akwai rabin hawa a tsakani, don haka na huɗunsu ya kusa zama na shidanmu. Na hau sau biyu. Hannuna bai daina ciwo ba sai bayan kwana uku.

Saboda haka a daren farko ka nemi wurin da aka rubuta akwai mai karɓar baƙi awa 24, ko da ya ɗara ɗayan da ɗan wani abu. Ka duba ko akwai lif. Ka ɗauki hoton adireshin da takardar shaidar kama ɗakin a wayarka, ka kuma buga su a takarda tun daga gida. Kafin ka bar filin jirgi ka yi amfani da intanet ɗinsu ka sauke taswirar garin da manhajar BudapestGO, wadda da ita ake sayen tikiti. Ita 100E tikitinta daban ne, ya fi na sauran motoci tsada, amma bai kai ko kusa da kuɗin tasi ba. In kayan sun yi yawa ko ka sauka tsakar dare, ka hau tasi daga rumfar da ke bakin ƙofar fita. Tasin halal a garin nan launin ɗorawa ne kuma da mita yake aiki. Wanda ya tare ka a cikin zaure yana cewa zai kai ka, ka gode masa ka wuce.

Batun gidajen hayar kwanaki ma yana ta sauyawa. Mutanen gunduma ta 6 sun kaɗa ƙuri'a a 2024 cewa a hana irin wannan haya a unguwarsu daga farkon 2026, saboda ta sa kuɗin haya ya gagari 'yan gari. Wani dalilin ke nan da ya sa na fi natsuwa da otal ko gidan baƙi mai rajista.

Sai kuɗi. Hangari tana cikin Tarayyar Turai amma ba ta amfani da yuro, kuɗinta forint ne. Shafukan kama ɗaki sukan nuna farashi da yuro, otal ɗin kuma ya karɓa da forint. In na'urar biyan kuɗi ta tambaye ka da wanne za a cire, ka zaɓi forint, don in ka bari ta canza maka da kanta canjinta ba ya da kyau. Kada ka canza kuɗi da yawa a filin jirgi, na tikiti da ruwan sha ya isa. Akwai harajin baƙi na kashi 4 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kuɗin ɗaki, wani wurin yana cikin farashin, wani kuma sai a teburin karɓar baƙi za a ce ka biya. Gidajen haya suna ƙara kuɗin tsabtace ɗaki, wanda a kwana biyar kan sa su fi otal tsada. Kada ka tsaya a farashin da ke shafin farko, ka bi har shafin ƙarshe inda aka tara jimla, can gaskiyar take. Ka zaɓi wanda za a iya sokewa kyauta, domin ranar jirgi kan motsa, ta biza ma haka. Kuma ka gwada katin bankinka tun kana gida ka tabbata yana biya a ƙasashen waje. Nawa na naira bai yi ba a lokacin, sai da wani ɗan'uwa ya biya mini na mayar masa. In ka yi tunanin matso da tafiyar baya, ka sani farkon Agusta ana bikin kiɗa na Sziget, ranar 20 ga wata kuma babban bikin ƙasa ne, ɗakuna kan yi wuya su yi tsada.

Kwana biyar kawai ka kama, kada ka ƙara. Alawus ɗin masu digiri na farko da na biyu a wannan tallafin, a lokacin da nake karɓa, forint 43,700 ne a wata, kuma ba ya shigowa a makon farko sai ka buɗe asusun banki an gama rajista. Kuɗin da ka taho da shi su za su riƙe ka. In kana son ka rage, gado a ɗakin haɗaka na hostel ɗin matafiya ya fi komai sauƙi, sai dai da yawansu maza da mata ake haɗawa, kuma inda za ka shimfiɗa dardumar sallah da inda za ka ajiye fasfo da takardun makaranta zai dame ka. Mafi alheri ka tambaya a zauren WhatsApp na ɗaliban da aka ɗauka tare da kai ko akwai mai sauka rana ɗaya da kai, ku kama ɗaki mai gado biyu ku raba kuɗin. Ka kuma rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantar, da ɗalibin da aka haɗa ka da shi ya yi maka jagora, ka tambaya ko za a bar ka ka shiga ɗakin kwana da wuri ka biya na kwanakin. Wani lokacin ana yarda, kuma in aka yarda duk wannan lissafin ya faɗi.

Wanda kuma zai ɓullo maka a Facebook da hotunan gida mai kyau a tsakiyar gari, ya ce ka turo kafin alƙalami yanzu don wasu na jira, kada ka tura ko sisi. Gani ya kori ji. Gidan da ba ka taka ƙafarka a ciki ba, ba ka ga mai shi da takardar yarjejeniya ba, ba a biyansa.

Ƙananan abubuwa da za su sauƙaƙa maka: za a karɓi fasfonka a duba shi a na'ura lokacin shiga otal, doka ce, kada ka ji wani iri. Yawanci ba a ba da ɗaki sai ƙarfe biyu ko uku na rana, amma za su ajiye maka kaya in ka iso da safe. Sa 'yar ƙaramar buta a akwatinka, don bayinsu babu ruwan tsarki, a tsofaffin gidaje ma masai daban yake da wurin wanka. Soket ɗinsu mai baki biyu zagayayyu ne, cajarka mai baki uku ba za ta shiga ba sai da mahaɗi. Ƙarshen Agusta akwai zafi sosai kuma ba kowane masauki mai arha ke da na'urar sanyaya ɗaki ba, ka duba. Kada ka ƙara kuɗi don karin kumallon otal, rabin teburin naman alade ne. Kalmar da za ka haddace ita ce sertés, alade ke nan, ka duba ta a jikin duk abin da za ka saya, har da wasu kayan fulawa da ake yi da kitsensa. Burodi da ƙwai da madara da shayi daga kanti sun ishe ka, abinci mai zafi kuma akwai shagunan Turkawa da Larabawa birjik a kan zoben titin da wajen Blaha Lujza tér.

In ka tace wurare biyu ko uku, turo mini sunayensu da adireshinsu kafin ka biya, zan bi ta ƙofar kowanne bayan na tashi aiki in gane wa idona. Ka haɗo da lambar jirgin da lokacin saukarsa. Ka gaishe mini da Hajiya da Kawu, ka ce masa ya kwantar da hankalinsa. In da sauran wuri a akwatin, ɗan yaji da kuka da daddawa nake roƙo, amma kada ka sako kilishi, ba a barin nama ya shigo, za a ƙwace shi a filin jirgi.

Allah Ya kawo ka lafiya.