An ƙara wa bindigar wasan yarona ƙarfi, yanzu harsashin soso ya sami idon ƙanwarsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni makaniken babur ne. Da ƙaramar Sallah na saya wa yarona mai shekara 9 bindigar wasa mai harba harsashin soso, irin wadda ake jan bayanta kafin a danna kunama. Bayan wata biyu ta daina nisa, sai na kai wa wani mai gyaran kayan wasa a kasuwarmu. Ya sa mata sifirin mai tauri, ya kuma ciro wata 'yar roba mai ƙaramin sifirin daga gindin bututun, ya ce ita ke toshe iska. Harsasan da ta zo da su sun ɓace, na sayo na leda masu arha, kansu ya fi na farkon tauri. Jiya ya harbi ƙanwarsa a ido a cikin ɗaki. Idon ya yi ja, tana gani dishi-dishi, haske kuma na damunta. Mutanen gida sun ce ai soso ne, a ɗiga ruwan nono zai wuce. Hankalina ya ƙi kwanciya. Gyaran ne ya jawo? Bindigar ma yanzu duk harbi sai ta yi wata ƙara "ƙwas".

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yarinya lafiya. Malam, ajiye maganar bindiga tukuna, ka kai ta wajen likitan ido yau ɗin nan. Ja, dishi-dishi da ƙin haske bayan bugu alamu ne da ke tafiya da taruwar jini a gaban ido, tsakanin baƙin ido da gilashin da ya rufe shi. Wani lokaci jinin kan kwanta a ƙasa har a gan shi, wani lokaci sai da na'ura. Kada a ɗiga ruwan nono, kada a sa kwalli ko ruwan sukari, kada kuma a karɓo maganin ɗigawa a kemis. Kada ta murza idon, in za ta kwanta a ɗaga kanta da matashi. Asfirin da ibufurofen suna ƙara zubar jini, a nisanta ta da su. In ka san jinotaif ɗinta, wato ko tana da sikila ko AS ce, ka gaya wa likita tun kafin ya tambaya, domin mai sikila, har ma mai AS da ba ta taɓa ciwo ba, jinin kan toshe magudanar ruwan idonta da sauri, matsin ido ya hau ya lalata jijiyar gani. A ƙasarmu masu AS suna da yawa ƙwarai, don haka wannan ba ƙaramar magana ba ce. In kana kusa da Kaduna akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa, a Kano akwai asibitin ido na ECWA, kowane asibitin koyarwa kuma yana da sashen ido. Ka tafi da harsashi ɗaya a aljihu ka nuna, ka faɗi tazarar da aka harbe ta. Ko da idon ya washe gobe, ka koma ranar da aka ba ka, saboda jinin kan sake ɓallewa cikin kwana biyar na farko, na biyun kuma ya fi muni.

To, gyaran. E, yana da hannu dumu-dumu, shi da harsasan leda.

Tunda sana'arka ce, ba sai na yi maka dogon bayani ba. In babur ya rasa ƙarfi saboda zoben fistin ya ci, iska na zurarewa, ba wanda zai ce a ƙara masa wuta alhali yoyon na nan. Abin da ya sami bindigar yaronka ke nan. Sifirin ba ya mutuwa cikin wata biyu. Zoben robar da ke kan fistin ne ya bushe, ƙura ta cinye ɗan giris ɗin da aka shafa a masana'anta, harsasan kuma sun lotse saboda zafi da taku, ba sa cika bakin bututu. Maganinta a goge silinda, a shafa giris na silikon ɗan kaɗan, a sa sababbin harsasai. Baƙin mai da giris ɗin babur ba sa shiga nan, suna kumbura roba, suna kuma sa filastik ya yi rauni.

Waccan 'yar robar da ya ciro bawul ce, kuma da gangan aka sa ta. In an cusa harsashi, gindinsa ne ke tura ta baya ta buɗe hanya. In babu harsashi tana rufe, sai iskar da ta maƙale a gaban fistin ta zama matashin da zai tare shi kafin ya kai bango. Tana kuma rage ƙarfin harbi kaɗan. Da ya cire ta ya kuma ƙara sifirin mai tauri, fistin na dukan ƙarshen silinda kai tsaye, wannan ce ƙarar da kake ji. Kan fistin zai tsage, ko ƙugiyar da ke riƙe shi ta cinye. In ƙugiya ta cinye, bindiga na iya tashi da kanta ba a taɓa kunama ba, yaro kuwa in bindiga ta maƙale leƙa bakinta yake yi.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar da ta fi ƙona mini rai, wato "ai soso ne". Kusan duk wanda ya kawo mini irin wannan kaya sai ya faɗe ta, iyaye da 'yan kasuwa da masu gyara, har da masu ilmi. Ba soson ke taɓa ido ba. Soson jiki ne kawai, shi ke cika bututu ya karɓi iska. Abin da ke isa ga fuska shi ne kan, kuma kan ba soso ba ne.

Ka ɗauki harsashin Nerf Elite, wanda kamfanin Hasbro ya fito da shi a 2012, yawancin na kasuwa ma shi suke kwaikwayo. Tsawonsa kamar santimita 7, kaurinsa kamar 1.3, nauyinsa wajen giram ɗaya. Yana barin bindiga da gudun kusan mita 21 a daƙiƙa, ya fi kilomita 70 a awa. Ƙarfin bugu da jul ake auna shi: rabin nauyi a kilogiram sau gudu sau gudu ya ba ka kamar jul 0.22. Dokokin kayan wasa na Turai da Amurka, EN 71 da ASTM F963, sun ce duk abin harbawa da ya wuce jul 0.08 dole kansa ya zama mai laushi, kuma ƙarfin da ke sauka kada ya wuce jul 2,500 a kan murabba'in mita, wato 0.25 a kan murabba'in santimita. Faɗin kan harsashin ya ɗan haura murabba'in santimita ɗaya. In ka raba, za ka samu kamar 0.2. Lissafin kan takarda ne, amma ya isa ya nuna maka cewa sabuwar bindiga daga kwali tana dab da iyaka. Injiniyoyin kamfani sun riga sun cinye kusan duk sararin da doka ta ba su, domin nisa ake sayarwa. Babu ragowar da mai gyara zai ci.

Ƙarfin kuma ba ya hawa daidai da gudu, ninkuwa yake yi. Ka ɗaga gudu daga 21 zuwa 30, ƙarfi ya ninka biyu. Ka kai shi 42, ya ninka huɗu. Mai gyaran nan ba shi da na'urar auna gudu, bai san me ya sa ba, shi dai ya ga harsashi ya tsallake rumfa uku ya ce aiki ya yi kyau. Ya karɓi kuɗinsa, ya miƙa wa yaro ɗan shekara 9 abin da ba mai iya cewa ga ƙarfinsa.

Sai kan harsashi. In ka yanka na ainihi za ka ga roba ce mai laushi, cikinta rami ne, da 'yar ƙofa a gefe. Da ya bugi abu sai ya lotse, iska ta fita ta ƙofar, bugun ya ɗauki lokaci kafin ya ƙare, ya kuma bazu a wuri mai faɗi. Duk amincin abin a wannan lotsewar yake. Na leda da yawa kansu curi ne na roba mai tauri, babu rami, saboda ya fi sauƙin zubawa a masana'anta. Sukan fi nauyi, ba sa lotsewa, ƙarfin duka sai ya sauka lokaci ɗaya a ɗan ƙaramin wuri. Launinsu ɗaya da na ainihi, tsawonsu ɗaya, shi ya sa ake ruɗuwa. A gidanka an haɗa biyun, bindiga mai ƙarin gudu da kai mai tauri, kuma a cikin ɗaki, inda tazarar ba ta isa iska ta rage masa komai ba.

Mutane kan ce ai ƙwallo ma na bugun yara a fuska ba abin da ke faruwa. Allah ya kewaye ido da ƙashi, gira a sama, kunci a ƙasa, hanci a gefe, faɗin ramin kamar santimita 4. Abu babba ƙashin ne ke karɓar mafi yawan bugunsa. Abu mai kaurin santimita 1.3 wucewa yake yi ta tsakiya ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Daga mita biyu kuma yana isa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kafin yarinya ta ankara ta rufe ido. Ƙwayar ido ruwa ce a cikin jaka, in aka danne gabanta farat ɗaya sai ta buɗe ta gefe, ƙananan jijiyoyin jini su tsinke, wani lokaci har tantanin bayan ido ya girgiza. Fata ba za ta nuna komai ba, babu yanka babu kumburi, sai a ce lafiya lau.

Ba a nan kaɗai ake ganin haka ba. A 2017 likitocin asibitin ido na Moorfields a Landan sun wallafa a mujallar BMJ Case Reports labarin mutum uku da suka zo musu da jini a ido bayan an harbe su da irin wannan bindiga, manya biyu da yaro ɗan shekara 11. Sun kuma ja hankali cewa harsasan da ba na kamfani ba kansu ya fi tauri. Shi kansa kamfanin Hasbro yana rubutawa a kwali cewa kada a nufi ido ko fuska, kada a yi amfani da harsashin da ba na bindigar ba, kada a sauya komai a jikinta. Da ya fito da samfurin Rival a 2015, mai gudun mita 30 a daƙiƙa, sai ya rubuta shekara 14 zuwa sama, alhali Elite shekara 8 ce. Akwai manya a Amurka da Singafo da ke ƙara wa bindigoginsu ƙarfi suna gasa, gaskiya ne, samarinmu na ganinsu a YouTube. Amma a filayensu ana auna gudu da na'ura, ba a kuma barin kowa ya shiga ba tabarau. Mu mun kwaso cire bawul mun bar tabarau.

Abin da ke ƙara tayar mini da hankali, yara sun koya. Na ga harsashin da aka soka wa allura a kai, na ga wanda aka cusa wa tsakuwa aka naɗe da salatif don ya yi nisa. Masu bindiga mai batir, wadda tayoyi biyu ke juyawa su fizgi harsashi, sun gano akwai batirin litiyom mai girman AA. Na AA bolt 1.5 ne, wancan 3.7. Huɗu a jere sun tashi daga bolt 6 zuwa kusan 15, a kan siraran wayoyin da ba a yi su don haka ba. Gudu ya hau, waya ta yi zafi, batir na iya kamawa da wuta a hannun yaro. Kuma duk wanda ka yi wa magana sai ya yi dariya ya ce kayan wasa ne. Mai gyara da ya cire bawul don ya burge mai kaya, da ɗan kasuwar da ya san kan harsashinsa curi ne ya ce duk ɗaya ne, su ji tsoron Allah, idon 'ya'yan mutane suke ciniki da shi a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Tambarin CE da suke nuna maka a leda ma kada ya ruɗe ka. Mai ƙera kaya ne ke buga shi da kansa a matsayin iƙirarin ya bi doka, wanda bai bi ba ma tawada kawai zai kashe.

Bindigar nan kada ta koma hannun yaro. Yawanci fasa bawul ɗin ake yi kafin a ciro shi, ba ya mayuwa, fistin kuma ya riga ya sha duka. Ka kwance ta, ka cire sifirin, ka zubar da gangar, harsasan leda kuma ka yayyanka su kafin ka jefa a shara don kada yaran maƙwabta su tsince. In za ka sake saya, ka duba shekarun da aka rubuta a kwali, ka haɗa da tabarau na aiki mai rufe gefe, irin na filastik ɗin da ba ya fashewa, mai alamar Z87 ko EN 166, wanda ake samu wajen masu kayan gini. Kowane yaro da ke wurin sai ya sa, har wanda kallo kawai yake yi, kuma a tsakar gida za a yi, ba a ɗaki ba. Harsashi kuwa, tun a shago ka ciro ɗaya ka matsa kansa tsakanin yatsu biyu. In ya lotse har gefe ya taɓa gefe ya dawo, ka duba ƙofar iska a jikinsa. In ya ƙi lotsewa, ka mayar wa mai shi ledarsa.