Mako uku a kurmi, jerin gizo-gizo ya ƙi ƙarewa: aikina ya lalace ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai neman digiri na biyu, bincikena a kan tsuntsaye da gizo-gizon wani kurmi ne da ake shirin sare wani ɓangarensa. Na yi mako uku a ciki. Tsuntsaye na samu nau'i 90, yawanci da raga da madubin hangen nesa. Gizo-gizo kuwa na ware su kashi 140, amma waɗanda na iya sa wa suna ba su kai 30 ba. Cikin 140 ɗin, 50 guda ɗaya tak na samu, 20 kuma bibbiyu, kuma har daren ƙarshe sababbi ke faɗowa cikin kwalba. Wani mai rubuta wa kamfanoni rahoton muhalli ya ce in zubar da masu guda ɗaya don kuskure ne, sauran in ɗauki hotonsu manhajar waya ta ba ni suna, in rubuta cewa iyakar abin da ke kurmin ke nan. Takardar ofis ma "cikakken jeri" take nema. Barci ya ƙaurace mini. Aikina ya lalace ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, aikinki lafiyarsa lau. Abin da kika gani shi ne abin da duk mai aikin gaskiya a kurmi yake gani. Shawarar mutumin nan ce za ta lalata shi, kuma in kika bi ta, ɓarnar ba za ta tsaya a kan digirinki ba, har kurmin za ta ci.

Bari mu fara da 50 ɗin nan da aka ce ki zubar. Jonathan Coddington da abokan aikinsa sun tattara balagaggun gizo-gizo 5,965 a cikin hekta ɗaya ta kurmin ƙasar Gayana, suka buga sakamakon a 2009. Nau'i 352 suka samu, kuma kashi 29 cikin ɗari na nau'o'in guda ɗaya tak suka fito. Ƙwararru ne, da yawansu, da kayan aiki, dare da rana, a fili ɗan ƙarami, amma duk da haka kusan sulusin nau'o'in sau ɗaya suka nuna fuska. Da suka duba sauran manyan bincike na ƙwarin ƙasashe masu zafi, sai suka tarar matsakaicin ya kai kashi 32 cikin ɗari. Hukuncin da suka yanke shi ne, tarin bai isa ba, kurmin ya fi ƙarfin abin da aka ɗebo. Naki 50 cikin 140 bai yi nisa da wannan ba.

Waɗannan 'yan tilo su ne ke gaya miki yawan abin da kika bari a baya. Kin san lissafin Anne Chao na 1984: ki ninka adadin 'yan tilo da kansa, ki raba da ninki biyu na masu fitowa bibbiyu, ki ɗora a kan abin da kika samu. A naki, 50 sau 50 ya ba da 2,500, a raba da 40 ya ba da 62 da ɗoriya, ke nan aƙalla akwai nau'i kusan 200 a wurin. Ki lura da kalmar aƙalla, domin wannan lissafi ƙasan adadin yake bayarwa. Wanda ya goge 'yan tilo ya mayar da lissafin sifili, sai takarda ta nuna kamar an gama ƙirga komai.

Nan ne zan daɗe, domin wannan cuta kullum ina cin karo da ita, a rahotanni, a kundayen ɗalibai, har a bakin manyan jami'ai: ɗaukar cewa abin da bai fito a jeri ba, babu shi a dajin. Mutum ya shiga kurmi kwana uku da rana tsaka, a lokacin da ruwa ya ɗauke, ya bi hanyar mota, ya fito ya rubuta "ba a samu wani nau'i mai fuskantar barazana ba." Jami'in da ke ofis ya karanta, ya fahimci "babu." Ya sa hannu. Injin sare itace ya shiga. Tsakanin "ban gani ba" da "babu" akwai tazara mai nisa, kuma a cikin wannan tazara dazuzzuka suke salwanta.

Ki duba tsuntsaye kawai, waɗanda suka fi kowace halitta samun masu kallo, nau'i kusan 11,000 a duniya kuma an san mafi yawansu. Ɗawisun Kwango tsuntsu ne babba, ba ɗan tsako ba, amma masana kimiyya ba su bayyana shi ba sai 1936, bayan James Chapin ya daɗe riƙe da gashin fuffukensa guda ɗaya da ya samu tun 1913. Mutanen dajin sun san shi, suna da sunansa, masu rubutu ne ba su gan shi ba. A tsibirin Borniyo akwai wani ƙaramin tsuntsu, Malacocincla perspicillata, da aka sani daga samfuri ɗaya na ƙarni na 19. Sai a 2020 wasu mazauna yankin biyu suka kama shi suka ɗauki hotonsa, bayan shekara kusan 170. A 2022 kyamarar da aka ɗaure a daji ta ɗauki wata babbar kurciyar ƙasa a tsibirin Fergusson na Papuwa Niyu Gini, wadda rabon masana da ita tun 1882. Duk tsawon shekarun nan suna nan, suna kiwo, suna ƙyanƙyasa. Da mai rahoton kwana uku ya je waɗannan wurare, "ba a samu ba" zai rubuta, kuma da an sare su bisa sa hannunsa.

To in tsuntsu mai kuka da tashi zai ɓuya haka, ina ga gizo-gizo mai tsawon milimita biyu da ke zaune cikin ruɓaɓɓen ganye? Kundin gizo-gizon duniya da ake kula da shi a gidan adana halittu na birnin Bern a Suwizalan ya cika nau'i 50,000 a watan Afrilun 2022, kuma masu kula da shi suna ganin akwai kusan wani adadin kamarsa da ba a bayyana ba tukuna. Mafi yawan waɗannan a kurmi irin naki suke. Don haka in kin kasa sa wa 110 suna, wasu daga cikinsu ba su da sunan da za a sa musu, babu wanda ya taɓa rubuta su.

Shi ya sa maganar manhajar waya take ɓata mini rai. Ba na ƙin waɗannan kayan aiki. iNaturalist da eBird da Merlin sun jawo dubban mutane cikin wannan fanni, kuma ga tsuntsun da aka sani sosai suna taimakawa. Amma manhaja daga hotunan da aka ɗora mata take koyo, kuma hotunan sun fi yawa daga Turai da Arewacin Amurka. In kika nuna mata abin da ba ta taɓa gani ba, sai ta ba ki sunan mafi kama da shi a cikin abin da ta sani. Kin kuma san gizo-gizo ba a tantance nau'insa da launi ko zanen baya. Sai balagagge, sai an sa al'aurar mace da ke ƙarƙashin ciki ko 'yan hannuwan namiji da ke gaban baki a ƙarƙashin madubin ƙara girma, an gwada da zanen wanda ya fara bayyana nau'in. Hoton waya ba ya nuna wannan. Abin da ke faruwa shi ne, gizon da wataƙila babu shi ko'ina a duniya sai a wannan kurmi, sai a liƙa masa sunan wani da ke ko'ina. Kurmin ya koma na gama-gari a takarda, wanda ba a asarar komai in an sare shi. Sannan wani ɗalibi ya kwafi sunan daga kundinki, na bayansa ya kwafa daga nasa, ƙarya ta yi jijiya. Na ga rahotannin da aka jera tsuntsayen wata nahiya daban a cikinsu, saboda an kwafo jerin daga intanet ba a ko karanta ba, kuma an biya kuɗi an karɓa.

Abin da za ki yi da marasa suna mai sauƙi ne kuma karɓaɓɓe ne a wurin masana. Ki kai kowanne iyakar inda kike da tabbaci: in dangi kika sani, ki rubuta Salticidae (dangin gizo-gizo masu tsalle) nau'i na 1, na 2, na 3, in kin kai ga rukuni, ki tsaya nan. Ƙanana da ba su balaga ba ki ƙirga su a matakin dangi, kada su shiga lissafin nau'i. Ki sake duba 140 ɗin da kyau, domin a wasu dangogi mace ta ninka namiji girma sau da yawa, kamar manyan masu saƙar zinariya, kuma abu ne mai sauƙi a raba miji da mata gida biyu. Adadin zai iya raguwa kaɗan, ba laifi. Kowane samfuri ya zauna a itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80, wanda za a yi wa gwajin DNA kuma kashi 95 ko sama, da 'yar takarda a cikin kwalbar, ba a jikinta ba, rubuce da fensir: wuri, rana, sa'a, hanyar kamu, sunan mai kamu. Kwalbar da ba ta da wannan takarda ba ta da amfani ga kowa.

Ba ki gaya mini hanyoyin da kika bi ba. Tarin dare da fitilar goshi, kaɗa rassa a kan farin ƙyalle, tankaɗe ganyen ƙasa, da ramin tarko, kowanne jama'arsa daban. Ƙololuwar bishiyoyi kuwa wata duniya ce. Tun aikin Terry Erwin a Fanama, wanda ya buga a 1982 bayan ya yi wa kan bishiyoyi feshin maganin ƙwari ya tara abin da ya zubo, aka san yawan ƙwarin da ke can sama. In ba ki kai can ba, ki faɗa a rubuce.

Tsuntsayenki 90 ma gajeren jeri ne, kuma dalilin a bayyane yake. Raga ba ta wuce mita uku daga ƙasa, masu yawo a ƙarƙashi kawai take kamawa. A kurmi, ji ne ke korar gani. Lokacin da John Terborgh da abokansa suka ƙirga tsuntsayen fili mai hekta 97 a Cocha Cashu cikin gandun Manu na ƙasar Feru, suka buga a 1990, nau'i 245 mazauna suka samu, kuma ginshiƙin aikin bin kukansu ne. Cikinsu akwai Ted Parker, wanda ya shahara da gane dubban tsuntsaye da kunne kafin ya rasu a hatsarin jirgi a Ekwado a 1993. Ki kasance a wurin kafin ketowar alfijir, ki naɗi sauti, ki gwada da xeno-canto, taskar kukan tsuntsaye ta intanet, ki ajiye naɗin a matsayin shaida. Ki fita da dare saboda mujiya. Ki tambayi mafarauta da masu shiga dajin kullum, ki rubuta abin da suka ce a shafi na daban a matsayin abin da ke jiran tabbatarwa. In kuma kin ci karo da sheƙar tsuntsun da ake fataucinsa, irin aku mai toka-toka da aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun taron CITES, yarjejeniyar kula da cinikin namun daji da tsirrai, na 2016, kada ki sa ainihin wurin a takardar da kowa zai karanta.

Ita kuma takardar ofis mai neman "cikakken jeri", wanda ya tsara ta bai taɓa kwana a kurmi ba. Babu kurmi ɗaya a doron ƙasa da ke da cikakken jerin gizo-gizonsa. Irin waɗannan ofisoshi ne ke riƙe takardar izinin ɗalibi wata da watanni har damina ta wuce, sannan su nemi sakamakon shekara a mako biyu. Duk da haka ki nemi izinin, musamman in za ki tura samfuri wajen masani a wata ƙasa, domin yarjejeniyar Nagoya kan amfani da albarkatun halittun ƙasashe, wadda ta fara aiki a 2014, ta shafi wannan, kuma gidajen adana halittu masu mutunci ba sa karɓar kayan da ba su da takarda. Amma kada gurbin da ke jikin fom ya sa ki faɗi abin da ba ki sani ba.

'Yata, sa hannunki a kan wannan rahoto shaida ce. Gizo-gizo ba zai zo ofis ya ce yana nan ba, tsuntsu ba zai ɗaukaka ƙara ba, abin da kika rubuta shi ne kaɗai za a ji daga gare su. Wanda ya rubuta "babu" alhali bai duba ba, shaidar zur ya yi, ko da an biya shi da sunan ƙwararre, kuma amanar da ya ci ta mutanen da ke shan ruwan da ke fitowa daga kurmin ce, da 'ya'yansu. Ki ji tsoron Allah a kan wannan fiye da tsoron masu jarrabawa, su ma in masana ne gaskiyar za su fi so.

A shafin farko ki rubuta sa'o'in da kika yi kina tari, da watan, da hanyoyin da kika bi da waɗanda ba ki bi ba. Ki zana layin taruwar nau'o'i, wato mai nuna yadda adadinsu ke ƙaruwa yayin da kike tari, ki bar shi yadda yake, yana hawa bai kwanta ba. Ki sa 140 a gefen ƙiyasin 200, ki bayyana cewa jerin bai cika ba kuma bai isa a yanke hukuncin sara a kansa ba. Ki kai kwalabenki gidan adana halittu da zai ba su lamba, don mai zuwa bayanki ya iya dubawa. Sannan ki zauna da malamin da ke duba aikinki ku nemi hanyar komawa a wani lokacin shekara daban da wanda kika je, da na'urar naɗar sauti, da wani ya taya ki tarin dare.