Na'urar da ake jefawa a durom ɗin zoɓo: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar zoɓo da lemun citta a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. Tunda zafi ya shigo, robobina in suka kwana biyu sai su kumbura, ana buɗewa su yi tsartuwa. Tsorona kada in sayar wa mutane abin da ya fara juyewa. Ƙanena ya nuna mini wata na'ura a intanet mai suna Tilt, wai ana jefa ta cikin durom ta riƙa turo bayani a waya. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka da alheri da wannan tsantseni. Ni dai ban ga dalilin sayenta ba.

Don masu dafa giya a Amurka da Turai aka ƙera ta, su da ke son ganin yadda yis yake cinye sukari. Kamar ɗan kwalba take, tana yawo a karkace bisa ruwa. In sukari ya ragu, ruwan ya rage nauyi, sai karkacewarta ta canza, ta aika lambar ta Bluetooth. Tsurar ruwa 1.000 yake nunawa, zoɓon da sukarinsa ya kai kashi 10 cikin ɗari kuma wajen 1.040. Idan lambar ta sauka da 0.004, misali daga 1.040 zuwa 1.036, barasar da ta samu na iya kaiwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Hukuncin wannan na malamai ne, ni lissafin kawai na kawo.

To ina matsalar? Su suna barin abinsu cikin tulu ɗaya mako biyu, suna jiran ya gama. Ke kuwa da safe kike dafawa, kafin azahar kin ɗura, kuma cikin robar ɓarnar take faruwa, inda na'urar ba ta shiga. Ga kuɗi sama da dala 100 kafin na kawowa, ga batirinta ba irin na tocila ba ne. Kumfa ma in ta manne mata sai ta yi ƙarya.

In awo kike so, nemi haidiromita (ma'aunin nauyin ruwa) na gilashi wurin masu sayar da kayan gwaje-gwajen makarantu. Ware roba biyu daga kowace dahuwa. Auna ɗaya ranar ɗuri, ki rubuta a littafi, ɗayar bayan kwana biyu, amma ki juya ta sosai iskar ta fita tukuna. Yawancinsu a kan zafin digiri 20 aka saita su, mu kuwa a Afrilu muna haura 40, don haka ki riƙa awo da sanyi iri ɗaya kullum. Kada a gwada a kunun zaki, kaurin gero zai rikita lambar.

Sauran kuɗin ki kai su inda ciwon yake. Robar da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama, da ɗanyar abarba ko citta da ake zubawa bayan an sauke tukunya, su ke shigo da yis ɗin. Ki tafasa komai tare, ki sayi sababbin robobi, ki ƙara ƙanƙara a kula, kuma ki rage dahuwa zuwa abin da zai ƙare a yini. Wadda ta riga ta kumbura kuwa, a zubar.