Kafin ka sayi injin niƙa roba

Wani mai sayar da bokitai da butoci a Ƙofar Wambai ya aiko da tambaya: ya tara ɗan jari, yana so ya sayi injin niƙa roba, ya riƙa sayen kaya a hannun 'yan jari-bola. Ya yi ko ya fasa?

Alhaji, dakata da maganar inji tukuna. Injin da bai samun kaya kullum, kuɗin haya da na dizal kawai zai riƙa ci maka. Kuma robar da aka tono daga bola ta riga ta sha ƙasa da ruwan kwata. Kai ka biya kuɗin datti a sikeli, ka kai masana'antun Sharada ko Challawa a zaftare maka farashi.

Tari kayan tun daga cikin gida. Zaɓi unguwa ɗaya, ka fara gaida mai unguwa, domin mutane na ɗari-ɗari da masu yawo da buhu. Kowane gida ka ba shi buhu biyu: ɗaya na gorar ruwa da ta lemo, ɗaya na fasassun bokitai, kujeru da jarkoki. Ka tsayar da rana guda a mako, kada ta tashi. Sharar gida a hannun mata take, ƙato kuwa ba ya wuce zaure, saboda haka nemi dattijuwar da aka yarda da ita ta riƙa shiga, yaro na jira da kura a waje. A auna a gaban uwargida, a biya nan take. Kai ma har ka fi wasu dama: wadda ba ta son kuɗi, ba ta sabuwar buta daga shagonka, a farashin sari ka same ta.

Wajen tsincewa, duba lambar da ke gindin roba. Mai lamba 1 gora ce, ba a haɗa ta da mai 2 ko mai 5, ko murfinta ma daban ake ware shi. Gwangwanin lemo kuwa masu zubin tukwane na nema. Ledar ruwa sai ta bushe, ga cin wuri, ka bar ta sai gaba.

Tun kafin ka raba buhun farko, je wurin mai saye ka ji irin da yake so, kilo nawa yake karɓa, da ranar biya. Ka yi wata 3 kana rubuta abin da ke shigowa, kana kai niƙa injin haya. Sai ka kawo min littafin mu duba maganar inji.