Tambaya da Amsa: Ɗakin Taro na Mapo a Ibadan

Tambaya: Malam, yaushe aka gina ɗakin taro na Mapo, kuma me ke lalata irin wannan gini? Daga mai karatu a Sabo, Ibadan.

Amsa: An aza harsashinsa a 1925, aka buɗe shi a 1929 a kan tudun Mapo, ƙarƙashin injiniya Robert Taffy Jones. Abin da ya fi cin tsohon gini ruwa ne. Idan indararo ya toshe da ganye, ruwa ya kwanta ya tsuma cikin kankare, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, sai kankaren ya tsage. Saboda haka a share indararo, a duba rufi kafin damina. Fenti a kan bango mai danshi kuwa asarar kuɗi ce: a toshe yoyon, a bar bangon ya bushe tukuna.